Asibitin Birni da Masu Riƙonsa: Waiwaye Kan Sashen Lafiya na En'en Kano

Gabatarwa

Da wuya a sami ɗan Sheshe mazaunin Legas, ko Abuja, ko Fatakwal, ko ma nan kusa Kaduna, wanda bai taɓa samun irin wayar nan ta tsakar dare ba, wadda ake ce masa: "Jikin Baba ya tashi, an wuce da shi Murtala." Abin da muka saba yi sananne ne. Mukan yi salati, mu tura abin da ya sawwaƙa, mu shiga laluben wani da muka sani cikin ma'aikatan asibitin domin ya sa mana ido, in abin ya yi tsanani kuma mu kama hanya da asuba. Da mara lafiya ya sami sauƙi sai kowa ya koma harkarsa, asibitin kuma ya fita daga ranmu sai wata wayar ta sake shigowa.

Kaɗan ne daga cikinmu suka taɓa tsayawa suka tambayi kansu: wa ya gina wannan asibiti da ke daura da Ƙofar Mata, da kuɗin wa aka gina shi, kuma wa ya riƙe shi kafin a san wani abu wai shi gwamnatin jiha? Amsar ita ce Hukumar En'e ta Kano, ta hannun sashenta na lafiya. Wannan hukuma ta daɗe da shuɗewa, waɗanda suka yi mata aiki kuma 'yan kaɗan ne suka rage a raye. Masu iya magana sun ce waiwaye adon tafiya. Saboda haka muka ga ya dace mu waiwayi tarihin wannan sashe, mu ga abin da ya yi wa iyayenmu da kakanninmu, da inda ya gaza, da kuma abin da ya tafi da shi ranar da ragama ta bar hannunsa.

Kafin zuwan asibiti

Kada mai karatu ya ɗauka cewa birnin Kano ya zauna babu magani har sai da Bature ya zo. Unguwarmu tana cikin tsakiyar birni, kusa da Kasuwar Kurmi wadda aka kafa tun zamanin Sarki Muhammadu Rumfa a ƙarni na 15, kuma babu irin saiwa ko sassaƙe ko jiƙon da ba a samu a rumfunanta. Kowace cuta tana da ƙofar da ake ƙwanƙwasawa. Wanzami shi ke yin ƙaho da sakiya da kaciya da cire beli. Maɗori shi ke da karaya da targaɗe da gocewar ƙashi. Ungozoma ke karɓar haihuwa, ta yanke cibi, ta tsaya kan wankan jego. Malam yana ba da rubutu da tofi, yana kuma duba littattafan ɗibbu, domin ilimin magani fanni ne da malaman ƙasar nan suka yi rubutu a kansa, cikinsu har da Sarkin Musulmi Muhammadu Bello.

Wannan tsari yana da abu guda da ba a raina shi: mai maganin maƙwabci ne. An san gidansa, an san ubansa, in ya yi ganganci kuma an san inda za a same shi. Sai dai ƙarfinsa yana ƙarewa a bakin annoba. Idan agana ta shigo gari, ko sanƙarau ya zo da zafin bazara, ko baƙon dauro ya faɗa wa yara, babu wanzami ko mai ganyen da ke iya tare su. Haka nan macen da naƙuda ta yi wa gardama kwana biyu ko uku, sau da yawa sai dai a tsaya ana addu'a. Annobar murar da ta game duniya a 1918 ba ta tsallake Kano ba, ta kuma nuna wa kowa iyakar abin da ke hannu.

Inda kuɗin ya fito

Turawa sun ci Kano a watan Fabrairun 1903, suka naɗa Sarki Abbas. Ba su da yawan da za su mulki ƙasa mai faɗin Kano da kansu, don haka suka bar sarauta a matsayinta, suka mayar da ita hukuma mai ofisoshi da ma'aikata, wadda aka fi sani da En'e: Sarki da majalisarsa a sama, hakimai da dagatai da masu unguwanni a ƙasa, Razdan kuma yana gefe yana sa ido. Likitocin da suka zo da farko ba domin talakan birni aka kawo su ba. Aikinsu shi ne duba Turawa da sojoji da ma'aikatan gwamnati, a can wajen ganuwa.

Abin da ya sauya al'amarin shi ne Baitulmali, wanda aka kafa a zamanin Sarki Abbas. A nan ake tara kason En'e na haraji da jangali da kuɗin kotuna, a yanka wa Sarki da ma'aikata albashi, a rubuta kasafin abin da za a kashe a shekara, Ma'aji yana riƙe da lissafi. Da farko rabin haraji ake bar wa En'e, daga baya kason ya ƙaru. Ana cikin haka jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, cinikin gyaɗa ya buɗe, kuɗi ya shiga hannun manoma, haraji ya riƙa shigowa a kan kari. Ba a daɗe ba En'en Kano ta zama wadda ta fi kowace En'e a Arewa ƙarfin aljihu.

A nan ya kamata mu tsaya mu lura, domin shi ne ƙashin bayan wannan tarihi. Asibitin da za mu yi magana a kansa ba sadakar Sarkin Ingila ba ce. Sulallan da mai unguwa ya bi gida gida yana karɓa daga hannun maɗinka da marina da dukawa da 'yan koli da fatake, da jangalin da Bafillace ya biya a kan kowace saniya, su ne suka zama tubali da gado da kwalbar magani. Kakanninmu sun biya, wasu da daɗin rai, da yawa kuma da ƙyar, amma dai su suka biya.

Asibitin Birni

A 1926 Sarki Abdullahi Bayero ya hau gadon sarauta, kuma a farkon zamaninsa ne, wajen shekarar 1927, aka buɗe asibiti a cikin ganuwa, kusa da Ƙofar Mata, da gadaje 16 kacal. Shi ne Asibitin Birni, wanda 'yan boko ke kira Siti. Zaɓen wurin ma kansa magana ce. Da an kai shi Nassarawa, inda asibitin Turawa da manyan ma'aikata yake, da ɗan birni ya ɗauke shi wani ofishin Nasara ne kawai. Da aka ajiye shi cikin gari, kusa da karofi, a kan hanyar da ta miƙe zuwa masallacin Juma'a da fada, sai ya zama wurin da mutumin Sheshe zai iya takawa da ƙafa, ko a ɗauki mara lafiyarsa a kan jaki ko amalanke a kai shi.

Rabon aikin kuwa kamar haka yake: manyan likitoci da sistoci ma'aikatan gwamnati ne da ake turowa, amma gini da gyaransa, da magunguna, da abincin majinyata, da albashin malaman asibiti da masu wankin gyambo da leburori da masu gadi, duk a wuyan Baitulmali suke. Waɗannan ƙananan ma'aikata, waɗanda yawancinsu 'ya'yan gari ne, su ne fuskar asibitin a idon jama'a. Su ke yin tafinta tsakanin likita da mara lafiya, su ke ba da kati, su yi allura, su wanke ciwo, su kwana da majinyaci. Ko bayan sun tashi daga aiki ba su tsira ba, domin a unguwa kowa likita yake kiransu, ana yi musu sallama a zaure da dare.

Ba a rana ɗaya jama'a suka karɓi asibitin ba. An daɗe ana kallonsa a matsayin wurin da ba a zuwa sai magani ya ƙare, wanda kuma aka kai a wannan hali sau da yawa ba ya dawowa, sai tsoron ya daɗa ƙaruwa. Ana gudun wuƙar likita, ana ƙyamar a ce namiji baƙo ya duba matar aure, magidanta da yawa kuma suna ganin abin kunya ne a fitar da mace daga kulle a kwantar da ita cikin mutane. Abin da ya karya wannan tsoro shi ne gani da ido. Mutumin da ya shekara goma yana fama da ƙaba aka yi masa tiyata ya koma kasuwa. Mai gyambon da ya ƙi ji ya ƙi gani ya warke. Daga ƙarshen shekarun 1930 magungunan salfa suka fara ceto masu sanƙarau, bayan Yaƙin Duniya na Biyu kuma allurar fenisilin ta zo ta yi wa tunjere da ciwon sanyi da miyagun ƙuraje abin da ba a taɓa gani ba. Gani ya kori ji. Tun daga nan Bakano ya ƙulla ƙauna da allura, har ta kai in an sallame shi da ƙwayoyi kaɗai sai ya ga kamar ba a duba shi ba.

Samun goyon bayan fada ya taimaka ƙwarai. Abin da Sarki ya sa wa hannu, hakimi ba ya ja da shi, mai unguwa kuma shi ke isar da shi ƙofar gida. Da haka gadaje suka yi ta ƙaruwa, aka ware ɓangaren mata da na haihuwa, har asibitin ya zama wurin koyar da ma'aikata. A tsakiyar shekarun 1950 ma Gwamnatin Jihar Arewa ta buɗe makarantar koyon aikin likita a Kano, ko da yake ba ta yi tsawon rai ba.

Ayyukan da ke wajen katangar asibiti

Wanda ya taƙaita aikin sashen lafiya na En'e a kan Asibitin Birni ya bar rabin labari. Mafi yawan abin da ya taɓa rayuwar talaka a waje aka yi shi.

Na farko shi ne ɗakunan shan magani, waɗanda aka fi sani da asibitin sha-ka-tafi. En'e ta gina su a cikin birni da garuruwan hakimai, kowanne da disfensa da mai taimaka masa. Dattawanmu suna tuna yadda ake sammako da kwalba a hannu, a bi layi, a karɓi kati, a zuba wa mutum maganin tari ko na ciki ko na zazzaɓi, a wanke wa mai ciwo ciwonsa a ɗaure. Abin da ya fi ƙarfin disfensa sai ya rubuta takarda a wuce babban asibiti. Wannan tacewa ita ta hana Asibitin Birni cika da masu mura da ciwon kai.

Na biyu shi ne duba-gari. A 1932 aka buɗe Makarantar Tsafta a Kano domin horar da malaman tsafta, kuma ɗalibanta sun bazu ko'ina a Arewa. Duba-gari yana shiga lungu, ya leƙa randa ya ga ko akwai 'ya'yan sauro, ya duba shadda da kwata da bakin rijiya, ya je mahauta ya duba nama kafin a kai kasuwa, ya sa a kwashe juji. Wanda aka samu da ƙazanta ana iya kai shi gaban alƙali a ci shi tara. Iyayenmu mata sun sha ba mu labarin yadda gida ke rikicewa da shara da wanke-wanke da zarar yara sun rugo suna cewa ga duba-gari nan. A birni irin namu, mai kududdufai da rafin Jakara da gidaje a cushe, wannan aiki ya tare cututtukan da ba wanda ya ƙirga, domin ba a ƙirga cutar da ba ta zo ba. Rigakafi, in ji Hausawa, ya fi magani.

Na uku shi ne lamba. Ma'aikatan En'e sun yi shekaru suna bin unguwanni da kasuwanni da makarantu suna yi wa mutane lambar agana, mai unguwa yana gaba suna biye. Duk wanda ya haura shekara sittin a cikinmu, in ya ɗaga hannun riga zai ga tabonta a damtsensa. An sha ɓoye yara a ɗaka da bayan rumbu, an sha ɓoye masu cutar don gudun kada a kai su keɓe. Amma a kan wannan turba da aka riga aka share ne babban gangamin da aka fara a 1967 ya bi, har aka ga bayan agana a Nijeriya a 1970, Hukumar Lafiya ta Duniya kuma ta yi shelar ƙarewarta a doron ƙasa a 1980. 'Ya'yanmu a yau ba su san fuskar mai zanen agana ba, ba su kuma san wanda za su gode wa ba.

Na huɗu shi ne ruwa. Ko da yake ba sashen lafiya ne ya gina shi ba, aikin ruwan famfo da lantarki da aka jawo daga Challawa, wanda aka buɗe a 1931, da kuɗin Baitulmalin Kano aka yi shi, kuma babu maganin da ya kai shi rage atuni da kurkunu a birni.

Na biyar shi ne kuturta. En'e ta kafa mazaunin kutare, a 1937 kuma aka yi yarjejeniyar miƙa gudanar da irin waɗannan wurare na Kano da Katsina da Sakkwato ga 'yan mishan na SIM, hukumomin En'e suna ba da gudummawar kuɗi. Asibitin Yadakunya, wanda muka fi sani da Bela, daga wannan tsari ya samo asali. 'Yan mishan ɗin ne kuma suka buɗe asibitin ido a Sabon Gari a 1943. Da ƙwayar dafson ta samu a shekarun 1950, sai aka riƙa raba ta a ɗakunan shan magani, mai cutar ya karɓa ya koma gida, ba sai an raba shi da iyalinsa ba.

Inda aka gaza

Ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Ba za mu yi wa tarihi adalci ba in muka nuna zamanin En'e kamar babu aibu. Da fari dai, abin ya yi kaɗan ƙwarai. Lardi mai miliyoyin mutane yana dogara da likitocin da ba su taka kara sun karya ba, mutumin ƙauye mai nisa kuma, wanda shi ya fi kowa biyan haraji, shi ya fi kowa nisa da gadon asibiti. Mu 'yan birni mun ci moriyar kusanci, ya kamata mu faɗi haka. Mata da jarirai sun ci gaba da mutuwa wajen haihuwa, domin ungozomomin da aka horar ba su da yawa, kuma ƙarancin 'yan mata a makarantun boko ya sa an daɗe ana dogara da ma'aikatan jinya daga wasu sassan ƙasar.

Na biyu, tsarin ya ginu a kan umarni, ba a kan shawara ba. Ba a tambayar talaka abin da yake so, sai dai a gaya masa abin da zai yi. Rigar duba-gari ta zama abin tsoro, kuma ba a rasa waɗanda suka mayar da ita hanyar karɓar na goro ba. Irin waɗannan koke-koke suna cikin abin da jam'iyyar NEPU, wadda aka kafa a Kano a 1950, ta riƙa ɗagawa a kan mulkin En'e baki ɗaya. Baitulmalin ma da ake taƙama da shi ya shiga matsala, har Gwamnatin Jihar Arewa ta sa aka binciki kuɗin En'en Kano a 1962, binciken da ya kai ga murabus ɗin Sarki Muhammadu Sanusi a 1963.

Yadda ragama ta sauya hannu

Tun daga shekarun 1950, da aka kafa ma'aikatar lafiya a Kaduna, gwamnati ta fara shiga gonar da En'e ke nomawa ita kaɗai. Asibitin ƙashi na Dala, wanda aka buɗe a 1959, aikin Gwamnatin Jihar Arewa ne. Bayan an ƙirƙiro Jihar Kano a watan Mayun 1967, Kwamishinan 'Yan Sanda Audu Bako ya zama gwamna, sai aka shiga rage wa En'e fukafukai: 'yan doka da gidajen yari da kotuna suka koma hannun gwamnati. A cikin wannan zango ne, tsakanin samun mulkin kai da farkon zamanin jiha, riƙon babban asibitin ya tashi daga En'e ya koma na gwamnati. Gyaran ƙananan hukumomi na 1976 shi ya rufe babin baki ɗaya, aka bar wa sababbin ƙananan hukumomi ɗakunan shan magani da aikin tsafta. A shekarar ce kuma, bayan kisan Janar Murtala Muhammad a Legas ranar 13 ga Fabrairu, aka sa wa Asibitin Birni sunansa. Da Gwamna Abubakar Rimi ya soke haraji da jangali a 1979, sai igiyar ƙarshe da ta ɗaure aljihun talaka da Baitulmali ta tsinke. Talakawa sun yi murna, kuma suna da hujja, domin an sha wuya a kan haraji. Daga nan kuɗin asibiti ya koma fitowa daga kason man fetur da ake rabowa daga sama.

Shekarun farko na wannan sabon zamani na yalwa ne: an faɗaɗa asibitoci, an gina sababbi, an tura 'ya'yan Kano karatun likita. Da farashin mai ya faɗi a farkon shekarun 1980 sai kantar magani ta bushe, har sanarwar juyin mulkin 31 ga Disamba 1983, wadda Birgediya Sani Abacha ya karanta, ta kafa hujja da cewa asibitoci sun koma wuraren ganin likita kawai babu magani. Tsarin tsuke bakin aljihu na 1986 ya ƙara wa abin gishiri. Tun daga lokacin muka saba da a rubuta mana takarda mu fita waje mu sayo, daga allura har safar hannu. An yi ƙoƙarin gyara ta hanyar asusun magani mai juyawa, wanda yarjejeniyar Bamako ta 1987 ta ƙarfafa, da kuma mayar da hankali kan kiwon lafiya matakin farko a zamanin Minista Olikoye Ransome-Kuti. A 1988 aka kafa Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano, wanda ya fara aikinsa a harabar Murtala kafin ya koma mazauninsa.

A yau gadon sashen lafiya na En'e ya rabu gida uku. Manyan asibitocin jiha, irin su Murtala da Nassarawa da Hasiya Bayero da Asibitin Zana, suna ƙarƙashin Hukumar Kula da Asibitoci ta Jihar Kano. Ƙananan cibiyoyi suna ƙarƙashin hukumar lafiya matakin farko tare da ƙananan hukumomi. Asibitin Malam da na Dala kuma na Gwamnatin Tarayya ne.

Abin da muka samu da abin da muka rasa

Babu mai hankalin da zai ce a koma gadaje 16. Ƙidayar 1952 ta sami mutanen birnin Kano da kewayensa kimanin dubu 130, ta 2006 kuwa ta sami fiye da miliyan 9 a jihar, bayan ma an cire Jigawa a 1991. Babu Baitulmalin da zai ɗauki wannan kaya. A yau 'ya'yan Kano, maza da mata, su ne ƙwararrun likitocin da ke tiyatar da Baturen 1930 bai yi mafarkinta ba. Matar da ta kamu da yoyon fitsari tana da inda za a gyara ta a cikin Murtala. Kurkunu ya ƙare a Nijeriya, an ba da shaidar haka a 2013, an kuma yi shelar kawar da ƙwayar shan inna ta asali daga Afirka a 2020.

Abin da ya salwanta shi ne sanin mai abu. A da, in ɗakin shan magani ya rasa magani, ko kwata ta toshe, ko wata cuta ta ɓulla a lungu, akwai hanyar da magana ke bi: daga mai gida zuwa mai unguwa, zuwa wakilin fuska, har fada. Hanyar tana da ƙaya, amma kowa ya san ƙofarta. Wanda ya biya haraji da guminsa kuma yana jin yana da haƙƙi a kan ginin. Da kuɗi ya koma zuwa daga nesa, sai asibiti ya zama "kayan gwamnati", wato na kowa kuma ba na kowa ba. Famfo ya karye a bar shi, fanka ta tsaya a zuba mata ido, ana jiran wani ya zo daga ma'aikata.

Amana ma ta sami rauni. A lokacin annobar sanƙarau ta 1996, kamfanin Pfizer ya gwada maganin Trovan a wani bincike da ya shafi yara kimanin 200 a Asibitin Zana, 11 daga cikinsu suka rasu. Kamfanin ya ce cutar ce ta kashe su, aka yi ta shari'a har aka sasanta da Gwamnatin Kano a 2009. Ba a raba wannan da ɗar-ɗar ɗin da ya sa aka dakatar da rigakafin shan inna a jihar a 2003, aka dawo da shi a 2004. Abin lura kuwa shi ne, da aka tashi dawo da yardar jama'a, ƙofar da En'e ta saba bi aka koma: sarakuna da hakimai da masu unguwanni da malamai. Ashe da tsohuwar zuma ake magani.

Kammalawa

Ya 'yan uwa mazauna nesa, da yawanmu muna da katin asibitin kuɗi a garuruwan da muke zaune, wasunmu ma Masar ko Indiya suke zuwa ganin likita. Amma iyayenmu da ƙannenmu da 'ya'yan maƙwabtanmu har gobe layin Murtala suke bi, matanmu na gida kuma asibitin Marmara suke zuwa awo. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, amma sai in yana leƙa ɗakin.

Ba a ce mu maye gurbin gwamnati ba, kuma haƙƙin da ke kanta yana nan a kanta. Abin da tarihin nan ke nema daga gare mu bai fi ƙarfinmu ba. In mun zo hutun salla, mu taka zuwa cibiyar lafiyar da ke kusa da gida, mu tambayi abin da ta rasa, mu san waɗanda ke cikin kwamitin lafiya na mazaɓarmu. Mu ba da jini tun ba a kira mu a kan ɗan uwa ba. Wanda Allah ya hore wa ya sa tsofaffin gidansu cikin tsarin taimakekeniyar lafiya na jiha, maimakon jiran wayar tsakar dare. Likitoci da ma'aikatan jinya da masu harhaɗa magani da unguwar nan ta haifa su ware wa gida ko da yini guda ne a shekara. Kwatar ƙofar gidanmu kuma ba ta buƙatar duba-gari kafin a yashe ta. Sannan mu nemi tsofaffin malaman asibiti da ungozomomi da malaman tsaftar da suka rage a lungunanmu, mu zauna gabansu mu rubuta abin da suka gani tun suna iya ba da labari.

Kakanninmu sun gina gadaje 16 da sulallan da suka fi ƙarfin aljihunsu, mu ne kuma muka ci amfanin. Kowa ya bar gida, gida ya bar shi. Allah ya jiƙan waɗanda suka yi wannan hidima, ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, ya kuma sa mu bar wa na baya abin da ya fi wanda muka tarar.